Lasifika Ba Abar Wasa Ba Ce

A shekarar 1972, a garin Swansea cikin ƙasar Birtaniya, wani makaɗin gita mai suna Leslie Harvey ya taɓa makirufo a gaban 'yan kallo, wutar lantarki ta kama shi, ya mutu. Dalili kuwa, ba a haɗa makirufon da wayar ƙasa ba, watau wadda ke kwashe wutar da ta ɓata hanya ta zubar da ita cikin ƙasa.

To, malamai, kafin ranar wasan kwaikwayo a makarantunku, lalle ku sa mai gyaran lantarki ya duba wannan waya, gama wutar gidajenmu bolt 230 ce. Wayar da ta saɓule a yar da ita, kada a naɗe ta da tsumma. Kada waya ta ratsa hanyar yara, ko ta kwanta cikin ruwa. Mai jiƙaƙƙen hannu kada ya taɓa kome. A ɗaure lasifika tam a gaban makirufo, tana fuskantar jama'a, don kada ta yi ta kuwwa. Akwatin ƙara murya shi ake kunnawa daga ƙarshe, shi kuma ake fara kashewa.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi, a kashe ta daga tushe tukuna.