Baƙin Cikin Wanda Abokin Zamansa Ya Rasu

Shekara 3 kafin hijira Nana Hadiza, Allah ya yarda da ita, ta rasu a Makka, bayan zaman aure na shekara 25 da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Cikin shekarar nan kuma Abu Ɗalibi ya rasu, har malaman tarihi suka sa mata suna Shekarar Baƙin Ciki. Haulatu 'yar Hakimu ce ta lura da kaɗaicinsa, ta je ta yi masa zancen aure, ya auri Nana Saudatu. Ashe baƙin ciki ba raunin imani ba ne, lura da mai shi kuwa hakki ne a kan makusanta.

A ƙasar Hausa mace takan yi takaba wata 4 da kwana 10, 'yan'uwa mata na kewaye da ita. Namiji kuwa, da an yi sadakar bakwai sai ya koma rumfarsa ko zaurensa, kowa ya ɗauka ya dangana. Alhali barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, gabansa na faɗuwa ba dalili. Ɗan kasuwa lissafi ya rikice masa, malami ya buɗe littafi ya rasa inda ya tsaya.

Abu Zaidu Albalhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya bayyana cewa rai yana ciwo kamar yadda jiki ke yi, kuma yana karɓar magani. Likitocin zamani sun tabbatar da haka. Cikin jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022, an lissafa baƙin cikin rashi mai tsanani wanda ya wuce wata 6 yana hana mutum harkokinsa.

Saboda haka ta'aziyya ba ta ƙarewa ran arba'in. Abokan sahu da maƙwabtan rumfa su riƙa leƙa shi, su ci abinci tare, su bar shi ya ambaci mamaciyar ko da zai zub da hawaye. In abin ya ƙi sauƙi a kai shi ga likita, akwai asibitocin wannan fanni a Kware da Kaduna da Dawanau. In kuwa ya fara cewa gara ya bi ta, kada a kwana ba a kai shi ba, gama addu'a da magani ba sa karo.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaya, ya sanyaya zukatan na baya, amin.