Zaure da Cikin Gida: Sunanmu a Intanet

Dukanmu mun san yadda a ke gina gida a ƙasarmu. Akwai zaure, akwai cikin gida. A zaure baƙo ya ke sallama da maigida, su gaisa, su yi ciniki. Amma ba ya wuce nan, domin abin da ke ciki na iyali ne. To, haka ya kamata mu yi da intanet.

A da, in baƙo ya sauka a Sabon Gari yana neman wani, sai ya yi ta tambaya, daga 'yan dako zuwa mai unguwa. Wayar hannu ta GSM ta zo Nijeriya a shekarar 2001, intanet kuma ta biyo ta cikin wayar. Yanzu mutum yana zaune a Legas sai ya rubuta sunanmu a Google, ya ga abin da zai gani.

Ku lura, Google ba ta san gaibu ba. Tattaro abin da mutane suka sa a fili kawai ta ke yi. Watau ko mu ne muka sa da hannunmu, ko wani ya sa ba mu sani ba, kamar hoton biki a Facebook, ko lambar waya a jikin talla. Akwai kuma Truecaller, wadda kan nuna wa baƙo sunan da waɗansu suka rubuta a kan lambarmu.

Saboda haka mu riƙa neman kanmu. Mu rubuta cikakken sunanmu, mu ƙara da Samaru ko Zariya, don masu suna ɗaya suna da yawa. Sa'an nan mu rubuta lambar wayarmu ita kaɗai. Ga wani amfanin karatu ke nan: wanda ya iya, shi zai duba da idonsa, ba sai ya ba wani wayarsa ba.

Ba mu ce kowa ya ɓuya ba. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, ɗalibai ke zuwa daga kowane sashe na Nijeriya. Baƙon ɗalibi bai san kowa ba. In yana neman tela ko mai gyaran waya, ya kan duba cikin wayarsa. Telan kasuwar Sabon Gari da ya sa sunan shagonsa, da layin da ya ke, da hoton ɗinkinsa, shi za a samu. Wanda bai sa ba, ciniki ya wuce shi. Sa shago a taswirar Google kuwa kyauta ne. Waɗannan su ne kayan zaure.

Kayan cikin gida kuwa su ne lambar NIN, da lambar BVN ta banki, da lambar sirri ta katin kuɗi, da hoton katin shaida. Haka kuma makarantar da yaranmu ke zuwa, da ranar da za mu yi tafiya, da kuɗin da muka samu da muka sayar da masara. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarni a haɗa kowane layin waya da NIN. Lambar waya ta zama rabin sunan mutum, sai a kula da inda a ke barinta.

Ga yadda ɗan damfara ke yi. Ya kan tsinci sunanmu nan, ya tsinci garinmu can. Sai ya kira ya ce daga banki ya ke, ya faɗi sunanmu daidai. In muka saki jiki, sai ya ce mu karanto masa lambar da ta shigo wayarmu. Da mun karanta, kuɗin noman shekara sun tafi. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Wanda duk ya tambaya, mu kashe wayar.

In mun tarar da abin da ba mu so, akwai magani. Abin da muka sa da kanmu, mu share. A Facebook mu gyara yadda abokai kaɗai za su gani. In wani ne ya sa, mu roƙe shi ya cire. Har wa yau, a 2023 an yi dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya. Ta ba mu ikon neman kamfani ya gyara ko ya share bayaninmu, akwai kuma hukuma a Abuja da ke karɓar ƙara.

Amma fa magana zarar bunu ce. Hoton da ya fita, wataƙila wani ya riga ya ajiye shi. Don haka mu yi tunani kafin mu sa. Kada kuma mu sa hoton maƙwabci ko na iyalinsa sai da izininsa.

Kafin aji na gaba, kowa ya nemi sunansa. Ya raba takarda gida biyu, ya rubuta "zaure" a dama, "cikin gida" a hagu, ya jera abin da ya gani. Wanda ba shi da babbar waya, malamin aji zai taimake shi.