Gawa Ce Ke Naɗa Sarauniyar Lugu

A Lugu, wani ƙauye na ƙasar Arewa a gundumar Dankassari, yankin Dogon Dutsi, ba a renon yarinya don ta zama sarauniya. Ɗiyar gidan sarauta tana tashi kamar kowace ɗiya, tana daka, tana ɗiban ruwa, a aurar da ita wani gari, ta haihu, ta yaye. Ta fara sanin kanta da sunan yanka, ta koma matar wane, ta koma uwar wane. Tana iya yin furfura a haka, ta tabbata ta gama sanin ko ita wace ce.

Sai Sarauniya ta rasu. A tara dangi, a ɗora gawa a kan makara, maza su ɗauka, a yi abin da ake kira tarkama. Mutanen garin sun yi imani cewa gawar ce ke jan masu ɗaukarta har ta kai su gaban macen da ta zaɓa. Babu neman sarauta, babu kai gaisuwa gidan manya. Haka tarkama ta nuna Aljima a 1983.

Daga wannan rana sunan yanka ya kwanta, kowa Sarauniya zai ce. Za ta zauna a ɗakinta cikin farin zane, fuska a lulluɓe, tana kaɗi, masu neman damina da lafiya da haihuwa suna zuwa suna durƙusawa. Ni abin da ke ɗaure mini kai bai wuce wannan ba: matar da jiya take ciniki a kasuwa, yau ita ce magajiyar 'Yar Ƙasa, wadda tarihin baka ya ce ta taso daga Daura tare da dutsen Tunguma ta kafa garin. Ba a tambaye ta ko ta shirya ba. Jama'a sun canza yadda suke kallonta a yini guda, ita kuma sai ta koyi ganin kanta da idonsu a sauran rayuwarta.

Wannan sarauta ce ke hannun Sarauniya Mangu a watan Afirilun 1899, lokacin da rundunar Faransa ta Kyaftin Voulet da Chanoine ta iso tana ƙone garuruwa. Mutanen Lugu suka tare ta da kwari da baka, suka kashe mata sojoji 4, suka raunata 6, suka shige kurmi. Aka cinna wa garin wuta, amma ba a kama Sarauniya ba.

Shi Voulet kuwa da kansa ya sake wa kansa suna. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta turo ya karɓi ragamar rundunar, sannan ya shaida wa hafsoshinsa cewa shi ya daina zama Bafaranshe, ya zama sarkin baƙar fata. Kwana uku sarautar ta yi, sojojinsa suka kashe shi a Maijirgi.

Shekaru da yawa labarin Mangu bai cika wuce bakin mutanen Arewa ba, sai da Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ya ƙawata labarin, ya mai da ita jarumar fagen fama, kuma haƙƙinsa ne na mai ƙaga labari. Amma abin ya yi aiki. Yaran Lugu da suka tashi ana yi musu gorin "'ya'yan arna" suka wayi gari ana kiran kakarsu gwarzuwar ƙasa, har gidan rediyo a Yamai ya ɗauki sunanta.