Ƙwaron Da Ya Yi Shigar Ganye

A dazuzzukan Indiya da Malesiya akwai wani ƙwaro da in kika gan shi a reshe, sai ki rantse ganye ne. Wannan kamannin ne ke tserar da shi daga bakin tsuntsaye.

Macen ta fi girma da faɗi, wata takan kai santimita 10. Fukafukanta har jijiyoyi gare su irin na ganyen gwaba, amma ba ta tashi. Namijin kuwa siriri ne mai dogayen ƙahonni, shi ke tashi neman mace.

Ƙwansu kamar ƙwayar iri yake. Ɗan yakan fito jaja-jaja ko baƙi-baƙi, sai ya fara cin ganye sannan ya koma kore shar.

In yara sun dawo daga makaranta, ki ba su labari.