Baƙar Tuta da Sojojin Amurka da Ba Su Dawo Gida Ba

Duk ranar Juma'a ta uku ta watan Satumba, Amurka kan tuna da sojojinta da aka taɓa kamawa a fagen daga, da waɗanda suka ɓace ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Alamar wannan rana wata baƙar tuta ce mai hoton mutum ya sunkuyar da kai, ga hasumiyar masu gadi a bayansa, ga waya mai ƙaya. Tun shekarar 2019 doka ta wajabta a riƙa kafa ta kullum a manyan gine-ginen gwamnatin tarayya, ciki har da fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki.

Mutanen da tutar ke wakilta sun kai kimanin 81,000. Kusan 72,000 daga Yaƙin Duniya na Biyu ne, wajen 7,400 daga yaƙin Koriya, na yaƙin Biyetnam kuwa ba su cika 1,600 ba. Abin lura shi ne, wannan adadi mafi ƙanƙanta shi ya haifar da duk wata fafutika da ake gani a yau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi aikin tattara gawawwaki, aka rufe shi a 1951, iyalai suka rungumi ƙaddara. A kan Biyetnam ne aka ƙi yin shiru.

Mata ne suka fara. An ce wa matan matuƙan jiragen da aka harbo su kame bakinsu, wai surutu zai ƙara jefa mazansu cikin haɗari. Sybil Stockdale, wadda mijinta James ya shafe fiye da shekara bakwai a kurkukun Hanoi, ta haɗa kan 'yan uwanta mata suka bijire wa wannan shawara, kuma zuwa 1970 ƙungiyar iyalan fursunoni da ɓatattu ta tsaya da ƙafafunta. Su suka fito da baƙar tutar. Miliyoyin Amurkawa suka ɗaura awarwaro a hannu, kowane da sunan soja ɗaya da ranar da ya ɓace. Gwamnatin Nixon ma ta ga riba a ciki, domin batun fursunoni ya ba ta hujjar ci gaba da yaƙin da jama'a suka gaji da shi. Da aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita yaƙi ta Faris a Janairun 1973, fursunoni 591 suka dawo. Sauran iyalan suka tambaya ina nasu, kuma a lokacin gwamnati ta riga ta zubar da amanarta a idon jama'a saboda ƙaryar da ta sha yi kan yaƙin. Ko ta faɗi gaskiya, ba mai yarda.

Wanda ya san babin mafƙudi a littattafan fikihu ya san nauyin wannan hali. Matar da mijinta ya rasu tana takaba ta gama. Wadda nata ya ɓace ba ta da ranar da za ta fara kirga kwana, ba kabarin da za ta ziyarta, ba amsar da za ta ba ɗanta. Wannan zaman jiran ne ya tura iyalan Amurka gaba, kuma shi ne 'yan damfara suka ci kasuwarsu da shi. A shekarun 1980 an yi ta yaɗa hotunan bogi da labaran cewa an ga turawa a sansanonin dajin Lawos, ana karɓar kuɗin iyaye da sunan za a je ceto. Fim ɗin Rambo na biyu, na 1985, wanda aka sha kallo har a gidajen kallonmu, kan wannan zato aka gina shi. Sai a 1993 kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin John Kerry, da John McCain a cikinsa, wanda shi kansa ya yi shekara biyar da rabi a hannun Biyetnam ta Arewa, ya bayyana cewa babu ƙwaƙƙwarar shaidar akwai Ba'amurken da ake tsare da shi da rai a yankin. A ganina wannan ce babbar ɓarnar da fafutikar ta jawo: an hana wasu iyaye yin makoki har suka mutu suna sauraron ƙwanƙwasa ƙofa.

Kimiyya ce ta mayar da zancen daga neman masu rai zuwa neman suna ga ƙashi. Labarin Michael Blassie ya isa misali. A 1984 aka binne wasu ƙasusuwa a Kabarin Sojan da Ba a Sani Ba da ke maƙabartar Arlington, a madadin duk mamatan Biyetnam, shugaba Reagan da kansa ya halarta. A 1998 aka tono su bisa matsin iyali, gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna na Blassie ne, matuƙin jirgin da aka harbo kusa da An Loc a Biyetnam a 1972. Aka mai da shi jiharsu ta Missouri, ramin kuma har yau babu kowa a ciki. Daga nan tunani ya sauya. Idan ƙashin da aka yanke ƙauna da shi zai iya faɗin sunan mai shi, to dubban kaburburan da aka rubuta wa "ba a sani ba" fa? Jirgin ruwan yaƙi na Oklahoma ya kife a harin Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, mutum 429 suka mutu. A 2015 aka tono ragowar 388 da aka binne a cakuɗe a Honolulu, cikin shekara shida aka gano fiye da 350.

Majalisa ta ɗora wa sojoji nauyin gano aƙalla mutum 200 a shekara. Da hukumomin da ke aikin suka gaza, rahotanni suka fallasa jan ƙafa da rigingimun cikin gida, sai aka haɗe su a 2015 aka kafa hukuma ɗaya, DPAA, mai manyan ɗakunan bincike a Hawaii da Nebraska. Wanda ya auna 200 da 81,000 zai ga tazarar. Kusan rabin ɓatattun ma a teku suka salwanta, inda hannu ba ya kaiwa.

Wani sakamakon da ba a zata ba shi ne na diflomasiyya. Neman ƙasusuwa ne ya fara zaunar da Washington da Hanoi a tabarma ɗaya, kuma haɗin kan da Biyetnam ta bayar ne ya share wa shugaba Clinton hanyar ɗage takunkumin ciniki a 1994 da maido da hulɗa a 1995. Aikin ya ci rayuka ma: a Afrilun 2001 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a lardin Quang Binh, Amurkawa bakwai da 'yan Biyetnam tara suka mutu a hanyar bincike. Da Koriya ta Arewa kuwa abin ya zama jari a hannun masu mulki. An yi aikin haɗin gwiwa daga 1996 zuwa 2005 aka dakatar. Bayan ganawar Trump da Kim Jong Un a Singafo a 2018 aka miƙa akwati 55, daga nan ƙofa ta sake rufuwa, alhali ana kyautata zaton sama da 5,000 na kwance a can.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Manoman Biyetnam da ke taya haƙa da tankaɗe ƙasa suna da nasu ɓatattun, dubu ɗaruruwa, waɗanda babu ɗakin binciken da ya jira su shekara da shekaru. Sai a 2021 Amurka ta ƙulla yarjejeniyar taimaka wa Biyetnam neman nata. Ya zo a makare, amma dai ya zo.

Duk da haka ina tare da masu kiran a ƙara himma, kuma a yi sauri. Ƙasar dazukan Biyetnam da Lawos mai tsami ce, tana cinye ƙashi har sai haƙori ko maɓallin riga kawai ya rage. Tsofaffin ƙauye da suka ga inda jirgi ya faɗi suna ta ƙarewa, gonaki na zama tituna da gidaje. A can Amurka ma ƙannen mamatan Yaƙin Duniya na Biyu sun haura shekara tamanin da casa'in, kuma gwajin ƙwayoyin halitta ba ya gano mai ƙashi sai da samfurin dangi na jini. Shi ya sa jami'an DPAA ke zagaya birane suna zama da iyalai, suna roƙon jikoki da 'ya'yan 'yar'uwa su bari a shafi cikin kumatunsu da auduga a ajiye.