Kwas ɗin Rashanci na bazara da abin da yake iya bai wa ɗalibi

Kwas ɗin Rashanci na bazara karatu ne na makonni huɗu zuwa takwas da jami'o'i da cibiyoyin harshe ke shiryawa tsakanin Yuni da Agusta, wato daidai lokacin da damina ta kankama a Kano. Ana kai ɗalibi inda ake magana da harshen, a cika masa safiya da darasi, galibi kimanin awa 20 a mako, sannan a sake shi cikin gari ya sayi abinci, ya hau jirgin ƙasa, ya tambayi hanya, duk da Rashanci.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mutanen cikin ganuwar Kano. Unguwanni irin su Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari da Dandalin Turawa sun samo sunayensu daga baƙin da suka sauka a birnin, suka iya Hausa a bakin ciniki a Kasuwar Kurmi, ba allo ba malami. Gwamnatin tarayya ma ta bi sahu, ta kafa ƙauyen Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala ta jihar Borno. Rashanci bai samu irin wannan gata ba. Ana koyar da shi a jami'o'in Legas da Ibadan, amma mai son jin sa a bakin masu shi sai ya ƙetare.

Zuwan 'yan Najeriya karatu Rasha ya samo asali tun 1960, shekarar da aka ƙulla hulɗar jakadanci da Tarayyar Sobiyet, kuma aka buɗe jami'ar nan ta Mosko da daga baya aka raɗa wa sunan Patrice Lumumba. Ƙa'idar da aka kafa tun wancan lokaci tana nan: baƙon ɗalibi yakan yi shekara guda a sashen share fage yana koyon harshe kafin ya shiga likitanci ko injiniyanci. Kwangilar kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da aka ƙulla da Sobiyet a 1979 ta ƙara buƙatar masu jin harshen. Su ma Rashawa ba su zauna ba. Dmitri Olderogge ya jagoranci nazarin Hausa a Leningrad, aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a 1963, Rediyon Mosko kuma ya daɗe yana watsa shiri da Hausa.

Abin da ya fi tsoratar da sabon ɗalibi shi ne rubutu, alhali shi ne mafi sauƙi. Haruffan 33 ne, kuma wanda ya saba da boko da ajami yakan haddace su cikin mako guda, in ya kiyaye 'yan tarkunan da ke ciki: harafin da ya yi kama da P ana karanta shi "r", mai kama da H kuma "n". Wahalar tana nahawu. Wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san i'irabi, yadda ƙarshen suna ke sauyawa tsakanin rafa'u da nasabu da jarru. Rashanci yana da irin waɗannan halaye har shida, kuma sifa da lamiri da ƙidaya duk sai sun bi. Jinsi uku ne maimakon biyu na Hausa. Kusan kowane aikatau yana tafe da ɗan'uwansa, ɗaya na aikin da ya kammala, ɗaya na wanda bai kammala ba. Ga kuma baƙaƙe uku ko huɗu a jere ba wasali, abin da harshen Bahaushe ke son cusa wa wasali ko ta halin ƙaƙa. Irin waɗannan ba a gyara su da karatun littafi kaɗai, sai kunne ya sha maganar mutane, baki kuma ya yi ta tuntuɓe.

Cibiyar Pushkin ta Mosko ce ta fi suna wajen koyar da baƙi, sai jami'o'in Mosko da San Fitasbag da Kazan. Tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, shirye-shirye da yawa na ƙasashen Yamma sun koma Almaty ta Kazakistan, Bishkek ta Kirgistan da Daugavpils ta Latbiya, garuruwan da Rashanci ke yawo a titi. A Amurka, makarantar Middlebury tana sa ɗalibi ya yi alkawari a rubuce cewa ba zai yi wani harshe ba sai wanda ya zo koyo har kwas ya ƙare. Dalilin a bayyane yake: ɗalibin da ya tashi daga aji ya koma ɗakin 'yan garinsu ana hira da Hausa har dare, kuɗin jirgi kawai ya ɓatar.

Akwai hidimomin da ya kamata a sani kafin tafiya. Biza tana buƙatar takardar gayyata daga makarantar, kuma baƙo sai an yi masa rajista bayan isa. Katunan Visa da Mastercard na waje sun daina aiki a Rasha tun Maris 2022. A San Fitasbag dare ba ya yin duhu sosai a watan Yuni, don haka lokutan Isha da Asuba sai an nemi jadawalin masallaci. Kazan, babban birnin Tatarstan, ta fi sauƙi ga Musulmi, saboda yawan masallatai da abincin halal. Duk tayin "karatu da aiki" da dillali ya kawo ta waya, a tabbatar da shi daga makarantar kanta kafin a biya ko sisi.

Jarrabawar gwamnatin Rasha ta gwada baƙi tana da matakai shida, kuma na uku ake nema don shiga jami'a. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar awa 1,100 na aji kafin ya ƙware, makonni takwas kuwa awa 160 suke bayarwa. Kwas ɗin bazara yana isar ɗan kasuwa ya yi gaisuwa da ciniki, yana kuma buɗe bakin wanda ya riga ya yi nahawu a gida, amma mai neman digiri galibi sai ya yi shekarar share fage.