Zaman Ɗan'adam a Duniyar Mirrihi: Zango ko Gari?

1.0 Gabatarwa

Cikin duniyoyin da ke kewaya rana, in an ɗauke tamu, Mirrihi, wadda Turawa ke kira Mas, ita ce masana suka fi sa ran mutum zai iya zama a doronta. Zuhura ta fi ta kusa da mu, amma zafinta ya haura digiri 460. Na'urar Venera 13 da Tarayyar Sobiyat ta saukar can a 1982 minti 127 kacal ta yi tana aiki. Wannan maƙala za ta auna batun da kalmomi biyu: zango, wanda ke dogara da guzuri, da gari, wanda ke ci da kansa.

2.0 Abin da ke Ba da Fata

Yini da daren Mirrihi sa'a 24 ne da minti 39, kusan daidai da namu, kuma akwai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasarta. Tsakanin 2021 da 2023 wata na'ura mai suna MOXIE ta tace iskar shaƙa daga iskar can. Sai dai duk abin da ta tara giram 122 ne, wanda ba zai ishi mutum ɗaya yini guda ba.

3.0 Tarnaƙi

Tafiya kan ci wata shida zuwa tara, kuma damar tashi ba ta samuwa sai bayan kowane wata 26. Wato in guzuri ya yanke, babu mai kai ɗauki cikin hanzari. Iskar duniyar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin tamu ba, don haka ba ta tare miyagun haskoki masu jawo ciwon daji. Turɓayar ma tana ɗauke da wani gishiri mai guba, kamar yadda na'urar Phoenix ta gano a 2008.

Babban ƙalubalen shi ne rayuwa a rufe, inda iska da ruwa da abinci za su riƙa sabunta kansu. An gwada haka a Arizona ta Amurka daga 1991 zuwa 1993, aka rufe mutum takwas cikin wani katafaren gini na gilashi, Biosphere 2, da gonakinsu da dabbobinsu. Yunwa ta dame su, suka rame. Iskar shaƙa ta ragu daga kashi 21 zuwa wajen 14, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna shanye ta. Abin lura shi ne, wannan gari na gwaji a doron ƙasa yake, ga rana ga kuma masu agaji a bakin ƙofa, amma sai da aka hura masa iska daga waje a farkon 1993.